Sallamar da Malam Buba Bai Amsa Ba

Kwanakin baya na je karɓar maganin hawan jinina a Dutse, sai na leƙa ɗakin masu tarin fuka, inda na ƙare aikina. Na tarar da wata sabuwar ma'aikaciya tana ta danna waya. Da aka gaya mata ni ne Malam Iliya da ya riƙe rahoton illar magani tun tana firamare, sai ta gaishe ni da ladabi, ta ce ai aikin ba wuya, Baba: ka tambayi mara lafiya ko akwai abin da ke damunsa, in ya ce akwai ka danna, in ya ce babu ka kira na gaba. Layi ya yi tsawo, na kama hanya. Amma maganar ta bi ni har gida, shi ya sa na zauna in ba ku labari, ku yaran da kuka gaje mu.

Maganin tarin fuka magani ne mai ƙarfi, kuma ba na kwana uku ba ne, wata da watanni ake yi ana sha kullum. Yana kashe ƙwayar cutar, amma a kan hanyarsa yakan taɓa hanta, ya taɓa ido, ya taɓa jijiyar ƙafa, wani ma ya taɓa kunne. Aikina shi ne in gano wanda ya taɓa tun abin bai yi nisa ba, in sanar da likita, sannan in cike takardar nan mai ruwan ɗorawa: wane magani, yaushe aka fara, me ya bayyana a jiki, me aka yi a kai. Takardar ta je ofis a Dutse, daga can ta wuce Abuja ta haɗu da 'yan'uwanta na sauran jihohi. Da irinsu ake sanin halin magani a jikin mutanenmu. Cike ta ba komai ba ne, ɗan firamare ma zai iya. Samo abin da za ka rubuta, nan sana'ar take.

A wani ƙaramin asibiti a yankin Kiyawa na koya, a hannun Hajiya Asabe, Allah ya jiƙanta. Nas ce gajeriya mai faɗa, wadda ba ta yabon mutum sai ba ya wurin. Ranar farko ta tura ni in duba masu jiran magani a kan benci ƙarƙashin darbejiya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina cewa yaya jiki, kowa na cewa da sauƙi. Na koma ina taƙama na ce mata duk lafiya lau. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Iliya, gaisuwa ka yi, ba tambaya ba. Mutanenmu ko ana riƙe da su ne, ka ce yaya jiki, da sauƙi za su ce."

Ta ja ni waje, ta nufi wani dattijo da ya fi kowa yi mini fara'a, ta ja fatar idonsa ƙasa da babban yatsa. Farin idon ya rine, ya zama ruwan ɗorawa. Hanta ce ta fara gajiya. A ranar likita ya tsayar masa da magani, kuma shi ne rahoton farko da na cike da hannuna, tana tsaye a kaina tana kushe rubutuna.

Kayan aikinmu ba su cika aljihu ba. Akwai ƙaramar tocila don duba ido in gari ya yi hadari. Akwai zaren ɗinkin hula, ja da kore, don ɗaya daga cikin ƙwayoyin in ta fara taɓa gani, launukan nan biyu mutum ke fara rikitawa. Ba ka ce masa ya gani ko bai gani ba, sai ka miƙa masa su tare ka ce don Allah ya riƙe maka jan. Akwai sikeli. Sauran kuwa ido ne da haƙuri. Ka kalli yadda mutum ke takowa daga bakin ƙofa, ko yana ɗaga ƙafa kamar mai taka ƙaya. Ka kalli takalminsa, ko ɗaya ya zame bai sani ba. Ka kalli damtsensa, ko akwai shatar susa. Mace kuwa, in surukarta ce ta rako ta, kada ma ka ɓata bakinka, ka aiki tsohuwar ta ɗebo ruwan shan magani tukuna.

Kunne ne ba mu da abin awonsa. Na'urar tana manyan asibitoci, nesa da mu. To, Hajiya Asabe tana da tata dabarar. Ba ta shigowa ta gaban benci. Sai ta zagaya ta bayan darbejiya, ta tsaya a bayan mutum, ta yi masa sallama a hankali, muryarta ƙasa-ƙasa. Takan ce mutum zai ɓoye maka ciwon ciki, ya ɓoye maka amai, amma ba Musulmin da zai ji sallama ya ƙi amsawa. Wanda ya yi shiru, to bai ji ba ne. Na ɗauki wannan daga wurinta, har ta zama mini jiki. Yau ɗin nan ko gidan 'yata na je, ta bayan mutane nake sallama, jikokina na ce mini mai sanɗa.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Akwai mai ƙorafi, wanda ko sauro ya cije shi magani ne. Shi ba ya ba ni tsoro, na fi son sa ma. Mai shiru shi ne abin tsoro. Kuma akwai wata matsala da ta samo asali daga gaskiyar da muke faɗa. Ɗaya daga ƙwayoyin tana mai da fitsari ja, har da gumi da hawaye, kuma ba illa ba ce. Dole mu gaya wa kowa tun farko kada ya firgita, alamar magani ce. Sai wasu su ɗauki wannan su ɗora a kan komai: ƙafa na zugi, alamar magani ce, ido na hazo, magani ne ke aiki. Ga shi kuma da sun ga na ɗauko takarda mai ruwan ɗorawa sai su sha jinin jikinsu. A ganinsu ƙarar magani zan kai, a zo a hana su. Na sha yin bayani har bakina ya bushe cewa ba wanda za a kora, sauyi kawai za a yi in ta kama.

Malam Buba Bafulatani ne, dogo siriri, rugarsu na can bayan wani rafi. A kwance aka kawo shi cikin amalanke, yana tari har da jini. Ya sha maganin farko bai ji ba, gwaji ya nuna irin tarin nan ne mai taurin kai. A wancan lokacin wannan iri sai da allura, kullum, na tsawon watanni, ban da tulin ƙwayoyi. Allurar tana aiki, amma kowa a cikinmu ya san tana iya cin kunne, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Na zaunar da shi na gaya masa haka filla-filla. Na ce ranar da ya ji wata ƙara a kunne, ko ya ji maganar mutane ta yi nisa, ko jiri, ya gaya mini a ranar, kada ya kwana da ita. Ya ce to, Likita. Haka suke kiran duk wanda ya sa farar riga.

Bayan ya fara samun ƙarfi na je rugar don in duba iyalinsa, ko tarin ya kama wani. Yamma ta yi mini a can. Ina haɗa kayana sai ya miƙe, ya dogara sandarsa, ya ɗaga kai ya kira shanu. Na sha jin makiyaya suna kira, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Yakan ja sautin ya yi tsawo, ya sauko da shi a hankali, sannan ya kama sunayensu ɗaya-ɗaya. Mutumin da kwanan baya ba ya iya gama salati sai ya huta. Daga cikin daji wata saniya mai farin goshi, Wule, ta amsa, sauran suka biyo ta. Ya ce mini ko ido rufe ya san kukan kowace, ya san wadda ke neman ɗanta da wadda ƙaya ta soke ta. Matarsa Inna Dije ta cika mini ƙwarya da kindirmo. Na hau babur ina jin daɗin aikina a ranar.

Sai shekarar ruwa ta zo. Ita ce mummunar shekarata. Hajiya Asabe ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, aiki ya dawo kaina ni kaɗai. Masu allura suka yi yawa. Ruwa ya yanke hanyoyi, babur ya zama kaya, wasu ƙauyukan sai dai ka naɗe wando ka bi ƙafa. Waɗansu marasa lafiya suka daina zuwa, ni kuma ina bin su. Malam Buba kuwa bai taɓa fashi ba. Zai ratso rafin da sassafe, rigarsa a ɗaure a ka, ya zo ya zauna a tsakiyar benci. Kullum sai na zagaya ta bayan darbejiya na yi sallama a hankali, kullum kuma sai ya amsa tare da jama'a. In na tambaye shi kunne, ya yi murmushi ya ce jam, lafiya lau. Nauyinsa yana ƙaruwa a sikeli, tarin ya lafa. Da za a ce in nuna wanda hankalina ya kwanta da shi a shekarar, shi zan nuna.

Ranar kasuwa na tsaya wurin masu nono, na tarar da Inna Dije. Muka gaisa, na tambayi yara da shanu. Ba ta kiran sunan mijinta, kuma ba ta taɓa yi mini maganar jikinsa ba, don a wurinsu abin kunya ne mace ta buɗe rauni na mai gidanta. Tana dama mini fura, idonta a kan ƙwarya, sai ta ce:

"Shekaranjiya ɗan Wule ya faɗa rami bayan bukka. Uwar ta yi ta kuka tun la'asar. Ni na dawo daga tallan nono na ciro shi."

Na ce Allah ya kyauta, baban yaran ba ya nan ne? Ta ci gaba da dama furar.

"Yana nan. Yana zaune a gindin bukkar."

Ban sha furar ba. Na bar babur a gidan wani mai shayi, na ratsa rafin ruwa har ƙugu, na isa rugar da rana tsaka. Na hango shi zaune ya ba ni baya, yana tufkar igiya. Shi kaɗai ne, ba benci, ba jama'a. Na tsaya daga nesa na yi sallama a hankali. Shiru. Na matso na sake yi da muryar da nake magana. Hannunsa bai ko tsaya ba. Na zo dab da shi na ɗaga murya. Sai da inuwata ta faɗa a kan igiyar sannan ya waiwayo, ya ce wa alaikumus salam, Likita, kamar ba komai.

A nan na gane yadda yake yi. Duk masu zuwa asibitin sun san ta baya nake sallama. Shi ya sa yake zaɓar tsakiyar benci. Yana kallon bakin na kusa da shi, da ya ga ya motsa sai shi ma ya amsa. Makiyayi ne, ya saba karanta garke da ido.

Na durƙusa na sa bakina kusa da kunnensa na hagu, wanda ke da sauran ji, na tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun farkon damina gyare ya shiga kunnensa yana kuka ba dare ba rana, daga baya na dama ya toshe gaba ɗaya. Na ce me ya sa bai faɗa ba, alhali mun yi alkawari. Ya ajiye igiyar.

"Likita, a amalanke aka kawo ni, yanzu da ƙafata nake ratsa ruwa. Maganin da ya yi mini haka, shi zan je in kai ƙara? Kuma in kun hana ni allurar tarin ya dawo, 'ya'yana fa? A ɗaki ɗaya muke kwana."

Ya ƙara da cewa ban da haka ma, namiji ba ya yawo da ciwonsa a baki. Fulako ke nan, kunya da juriya irin ta Fulani, na san shi, na girma da su. Raina ya ɓaci, ba da shi ba, da allurar, da ruwan, da duk abin da ya sa mutum mai mutunci ya zauna yana biyan lafiyarsa da kunnensa yana ganin godiya yake yi.

Na hau wani tudu inda waya ke kamawa na kira likitanmu na Dutse. Bai ja magana ba. Ya ce a tsayar da allurar daga yau, zai nemo wata sabuwar ƙwaya da aka fara kawowa don a maye gurbinta, kuma a tura shi awon ji. Na koma na yi wa Malam Buba bayani da baki da hannu. Ya gyaɗa kai. Washegari da safe sai ga shi a benci, rigarsa jiƙe, ya zo karɓar allurarsa. Na ce babu. Ya zauna har azahar, kowa ya watse, yana kallon ƙofar ɗakin allura. Sai da na kawo limamin unguwar ya riƙe hannunsa ya nuna masa ba korarsa aka yi ba, sannan ya tashi. Da sabuwar ƙwayar ta iso ni na kai masa da kaina.

Takardarsa na daɗe ina cike ta. Na rubuta gyaren da ya ce, yadda ya faɗa, sannan na sa sunan da likitoci ke kiransa. Na rubuta lokacin da ya fara da wanda aka gano. Akwai wurin da ake nuna yadda abin ya ƙare, ko ya warke, ko yana warkewa, ko bai warke ba. Na bar shi a buɗe ina jira. Amma wannan allura ko an daina ta takan ci gaba da ɓarnarta na wani lokaci. Kafin kaka na hagun ma ya bi ɗan'uwansa. Tarin kuwa ya warke sarai, kuma bai kama ko ɗaya cikin 'ya'yansa ba. Na koma na cike gurbin da na bari.

Ba shi kaɗai ba ne a shekarar, kuma ba mu kaɗai muke rubutawa ba. Yau an daina wannan allurar, ƙwayoyi ake sha. Ban ce takardata ce ta yi wannan ba, amma tana cikin tarin. Sai dai kada ku ce an huta. Sababbin ma suna da halinsu: wata na duhunta fata har budurwa ta daina sha a ɓoye, wata na taɓa ƙafa da ido da jini, wata sai an riƙa auna bugun zuciya. Wayar da ke hannunku ta fi takardata sauri, na yarda, rahoto ya isa Abuja kafin ka gama shan ruwa. Amma waya ba ta zuwa kasuwa ta zauna wurin mai nono. Kuma da sauƙin nan har yanzu tana nan yadda Hajiya Asabe ta bar ta.

Ina kewar bencin nan. An sare darbejiyar an yi rumfar kwano. Ina kewar faɗan Hajiya Asabe, wadda ban taɓa zaton zan yi kewar faɗanta ba. Da na ajiye aiki, abin da ya fi dawo mini a rai shi ne kiran shanun nan na Malam Buba da yamma. Bara na kasa haƙuri, na ɗauki ɗan acaɓa na tafi rugar.

Ya tsufa, gemu ya yi fari, amma ƙirji lafiya lau. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ƙi saki. Muka zauna a tabarma, shi yana magana, ni ina amsawa da kai. Inna Dije ta kawo kindirmo. Wule ta daɗe da mutuwa, 'yarta ce ke gaban garke yanzu, ita ma da farin goshi. Da rana ta yi sanyi sai ya miƙe, ya dogara sanda, ya ɗaga kai ya yi kira.

Ba kiran da na sani ba ne. Ya fi da ƙarfi, ya yi kaifi, yana yankewa a inda a da yake ja, yana hawa a inda yake sauka. Shekaru ke nan bai ji kansa ba. Amma shanun sun saba da sabon, suka fito daga daji suna tahowa. 'Yar Wule ta zo ta tsaya a gabansa. Ya ɗora tafin hannunsa a wuyanta ya jira, har ta yi kuka, yana jin rawar maƙogwaronta a hannu. Ya ce mini ƙishirwa take ji. Sannan ya juyo ya kalle ni sosai.

"Likita, kai ka ji shi a da. Su Dije ba sa gaya mini gaskiya. Kiran nawa yana nan yadda yake?"

Inna Dije ta sunkuyar da kai. Ni da na yi shekaru ina faɗa da mutane su daina ce mini da sauƙi, sai na ga ina gyaɗa masa kai, har da ɗaga babban yatsa. Ya daɗe yana kallon fuskata, irin kallon da yake yi wa bakin maƙwabcinsa a benci. Sai ya yi 'yar dariya.

"Ashe kai ma ka koyi fulako."

Ya juya ya durƙusa yana ɗaure maruƙa a turke. Ɗan acaɓa yana jirana a bakin hanya. Na ɗauki takalmina, na zo zan wuce ta bayansa, sai na tsaya. Na yi masa sallama a hankali, muryata ƙasa-ƙasa, yadda Hajiya Asabe ta koya mini. Na daɗe a tsaye ina jira.